Wutar dubu 20 ta ƙare a kwana tara: mita ce ke gudu ko mu ne?

Baban Khalifa, Hanwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu mitar kati, don Allah ina da tambaya, abin ya ɗaure mini kai. Kafin sanyin nan ya shigo, in na sayi wutar dubu 20 nakan samu yunit 88 da ɗan ɗoriya, kuma takan kai mu sati uku cif. Na sa ta ƙarshe ranar Juma'ar waccan, yau Lahadi da asuba mita ta fara kuka. Kwana tara ke nan. Fanka ba ma kunnawa, wa zai kunna fanka a hunturun nan? Ƙwayayen fitila duk na canza su zuwa farare marasa cin wuta tun bara. Yara na hana su kallo sai bayan isha'i, caja ma in na gan ta a soket cirewa nake yi. To me ke shanye wutar? Ni zuciyata ta fi ba ni daga can ofishin kamfanin wuta aka taɓa mitar. Akwai wanda ya ga irin haka?

Ɗan Tudun Wada: Wa'alaikumussalam. Ai ba kai kaɗai ba ne. Tawa ma gudu take kamar an biyo ta. Suna da abin da suke latsawa, in wata ya zo ƙarshe su ƙara mata sauri. Kada ma ka wahalar da kanka.

Maman Ilham: Baban Khalifa, kafin a kai ga ofis, da me ake dafa ruwan wanka a gidanka?

Baban Khalifa, Hanwa: Akwai ƙaramar hita ta bokiti. Amma na tambayi uwargida, ta ce ɗan lokaci kaɗan ake sa ta da safe saboda 'yan makaranta. Abu kamar cokali, nawa zai ci?

Maman Ilham: Hhhh. To ni na yi shiru. Injiniya, zo ka amsa masa.

Injiniya, Samaru: Yallaɓai, wannan abin da ka kira cokali shi ne ɓarawonka, kuma a gidanka yake kwana. Bari in bi da kai lissafin yadda za ka iya yi da kanka.

Yunit ɗaya na nufin abu mai cin wat 1000 ya yi awa ɗaya yana aiki. Ƙwan fitilarka farin nan wat 9 ne ko kusa da haka. Ko guda takwas ka kunna na awa shida, duka-duka ba su kai rabin yunit ba. Wayar da kake hana yara ja da caji, yunit ɗaya zai cika ta sama da sau 50. Ita kuwa hitar bokiti, juya ta ka karanta jikinta ko kwalinta, za ka ga 1000, 1500, wata har 2000. Mu ce taka 1500 ce. Kowace awa yunit ɗaya da rabi ke tafiya. In an jona ta tun kiran sallar farko, wannan ya yi wanka a sake cika bokiti, wancan ya yi a sake cikawa, har ƙarfe takwas, an kusa cin yunit biyar kafin ka sha koko.

Da kana cin yunit huɗu a rana, yanzu kana cin kusan goma. Shidan da ya ƙaru, awa huɗu ne na hita. Ka ga lissafin ya zauna daram ba tare da kowa ya taɓa mita ba.

Duk abin da aikinsa samar da zafi ne, shi ke cin wuta: hita, dutsen guga, butar lantarki, murhun lantarki, na'urar ɗumama ɗaki. Haske da waya da talabijin 'yan rakiya ne. Mu mun saba da yaƙi da abin da ido ke gani, a yi ta faɗa kan fitilar bayi da aka bari a kunne, alhali hita na can bayan ƙofa tana tafasa ruwan da ba wanda ke jira.

Ɗan Tudun Wada: Injiniya, lissafin takarda daban, abin da ke faruwa a ƙasa daban.

Injiniya, Samaru: To a gwada a ƙasan. A jikin mita akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba, 1000 ko 1600 ko wata daban. Adadin ƙiftawar da take yi ke nan kafin yunit ɗaya ya tafi. Ku kashe komai na gidan, ku cire daga soket, ku tsaya ku zuba mata ido minti biyar. In ta tsaya cak, mita ba ta cin komai da kanta. In ta ci gaba da ƙiftawa, to ko dai wata waya na zubar da wuta a bango, ko wani ya ja layi daga naka. Sannan ku riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya kuna kallonta. Ba na cewa mita ba ta lalacewa, tana lalacewa, kuma kana da haƙƙin kai ƙara a zo a duba. Amma ka je da hujja a hannu.

Alhaji Bakano: Ikon Allah. Zagezagi, gari guda cike da furofesoshi, har da tukunyar nukiliya a jami'a, amma ana taro a kan bokitin wanka. Ku ja waya daga can mana ku huta.

Injiniya, Samaru: Alhaji, ko a nan ma ciniki ka hango. Waccan ta bincike ce, tun 2004 take aiki a cibiyar binciken makamashi ta ABU, kuma ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai ne kacal. Hitar Baban Khalifa guda ashirin da ɗan ɗoriya ke nan. Ko layinku na Kwangila ba za ta riƙe ba.

Alhaji Bakano: To Allah ya sawwaƙe. Mu dai da ruwan sanyi muke wanka, shi ya sa muka fi ku kuɗi.

Malam Na Kwarbai: Ku masu mita ku gode wa Allah, aƙalla abin da kuka ci kuke biya. Mu nan cikin gari takarda ake kawo mana ta ƙiyasi. Watan da na yi tafiya da iyali muka rufe gida, kuɗin da aka rubuto bai ragu da ko sisi ba. To in kashe fitila don me? Tattalin ma sai mai mita.

Abu Samha: Gaskiya ne Malam. Ni shawarata ga mai tambaya, akwai yara masu gyara da za su raba maka layi, hita da dutsen guga su bi ta bayan mita. Kowa haka yake yi.

Malam Liman: Abu Samha, ka ji tsoron Allah. Ruwan da aka dafa da wutar sata, da shi za a yi alwalar asuba? In an zalunce ka wajen biya, akwai hanyar kai kuka. Zaluncin wani ba ya halatta maka naka.

Admin: Mun gode Malam. Ban da haka ma laifi ne a dokar wutar lantarki ta 2023, akwai tara akwai ɗauri. Kuma irin wannan haɗin na ɓoye da siririyar waya na cikin abubuwan da ke ta da gobara, ga shi lokacin iska ne komai ya bushe. Kada a sake kawo wannan shawarar a nan.

Abu Samha: Na janye. Amma a faɗi gaskiya, tun da aka mai da yunit naira 225 a Afrilun 2024 talaka bai sake numfashi ba.

Injiniya, Samaru: 'Yan Band A aka yi wa wannan ƙarin, waɗanda aka ce za su riƙa samun awa 20 a rana. An sauko da shi 206.80 a watan Mayu, aka mai da shi 209.50 a Yuli. In ka ɗora harajin kashi 7.5 ya koma wajen 225 ɗin dai. Shi ya sa dubu 20 ke ba Baban Khalifa 88. Ke nan kowace awa ta hitarsa ta haura naira 300.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka: 'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu jikata na taya ni rubutu. Mu da muka tashi a cikin ganuwa ba mu san wani hita ba. Ɗakin ƙasa ne da rufin azara, bango mai kauri. Da rana ya sha zafi, da dare ya riƙa sako shi a hankali, ga asabari a ƙofa. Sanyi sai dai ka ji labarinsa a tsakar gida. Yanzu kun gina bulo da kwano, ba silin kirki, taga kamar ƙofar gareji, da bazara ku gasu da hunturu ku daskare, ku ce gwamnati.

Ruwan wanka kuma, wa ya ce dole sai da asuba? Yara a yi musu wanka da yamma. Ki cika baƙar jarka ko baƙin baho tun hantsi, ki rufe ki ajiye inda rana ke bugawa, kafin la'asar ya yi ɗumin da yaro ba zai yi kuka ba. Da safe a wanke fuska da hannu da ƙafa, a shafa mai, a tafi makaranta. In an sauke tuwon dare kuma kada a bar garwashi ya mutu a banza, a ɗora tukunyar ruwa a kai, a juye a filas. Na alwalar asuba ya samu.

Maman Ilham: Ranki ya daɗe Hajiya, wallahi haka nake yi da jarka. Abu ɗaya ne, ranar da hazo ya rufe gari ruwan ba ya yin ɗumi sosai, sai na ƙara da buta ɗaya ta tafasasshe. Wani abin da na koya kuma: wake ko shinkafa in sun tafaso sun yi minti goma, sai in sauke tukunyar da murfinta in naɗe da tsohon bargo in cusa a kwali. In na dawo daga islamiyya sun nuna luguf. Waken kuma tun dare nake jiƙa shi. Tukunyar gas ɗina mai kilo 6 da ba ta kai wata ba, yanzu tana haurawa.

Baban Khalifa, Hanwa: Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma. Amma maganar wankan yamma sai an yi zama da uwargida. Ita a wajenta yaro bai yi wankan safe ba kamar an ce ba shi da uwa ne.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka: Ka turo mini ita.

Sadiya Nas: Ina neman afuwa zan ɗan karkata, don na ga an ambaci garwashi. Hajiya a waje take nufi, na sani, amma kada wani ya karanta ya ce zai bar hita ya koma shiga da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Farko ciwon kai ne da jiri da kasala, mutum ya ɗauka barci ne, daga nan sai yadda Allah ya yi. Haka hayaƙin janareta da ake shigarwa falo ko baranda don tsoron ɓarayi. In za a ji ɗumi a ji a tsakar gida ko a zaure a buɗe, lokacin kwanciya a fitar da kaskon a kashe. Bargo biyu da safa da hular sanyi sun fi arha, ba sa kashe kowa.

Hitar bokitin ma, a daina sa hannu a ji ko ruwa ya yi zafi tana jone. A cire daga soket tukuna. Kuma a nisanta ta da masu rarrafe, ƙunar ruwan zafi a jikin yara tana yawa a watannin nan.

Anti Rabi, Gyallesu: Sister, tunda kin zo, ya batun mai jego? Ƙanwata ta haihu sati biyu ke nan, icen da ake saye na wankanta safe da yamma ya fi kuɗin cefane. Garwa guda ake tafasawa. Mijin ya fara ƙorafi, gwaggonmu ta ce ko zai sayar da babur ɗinsa sai an cika arba'in.

Sadiya Nas: Anti, ruwa mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka ya wadatar, ba sai mai salɓe fata ba. A nan Zariya ma likitocin asibitin koyarwa suka yi bincike a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da tsananin zafin wankan jego, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da yawan kunun kanwa. Ku lallaɓa gwaggo, a rage zafin a rage yawan ruwan. In kuma mai jegon na kumburin ƙafa ko numfashinta na yin sama-sama, kada a jira arba'in, a kai ta asibiti.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka: Nan kam ba zan sa baki ba. Ni tara na haifa, duk na yi wanka. Amma na ga waɗanda bai karɓa ba.

Abban Yusra, Dogarawa: Injiniya, tambaya. Dafa ruwan a gas ya fi sauƙi ko a hita? A gidana kullum gardamar ke nan.

Injiniya, Samaru: Ya danganta da layin da kake. Kilo ɗaya na gas na ɗauke da zafin da ya kai yunit 13, amma kusan rabi ne ke shiga tukunya, sauran ya bi iska ta gefe. Ita hita tana cikin ruwan tsundum, kusan duk zafinta a ciki yake zama. Saboda haka ka raba kuɗin kilon gas gida shida da rabi, abin da ya fito ka gwada da kuɗin yunit ɗinka. Ɗan Band A zai ga sun yi kusa, gas ya ɗan fi sauƙi. Wanda yunit ɗinsa bai kai naira 100 ba, hita ta fi masa arha nesa ba kusa ba, in an kawo wutar ke nan.

Amma asarar ba a nan take ba. Bokiti mai lita 20, in za ka kai shi ɗumin wanka, bai wuce kashi biyu cikin uku na yunit ba. In ka bar shi ya tafasa, kusan yunit biyu ne. Sannan a tsaya jira ya huce, ko a zubar da rabi a sirka. An biya kuɗin zafi sau uku an yi amfani da ɗaya. Ka rufe bokitin da faranti ko murfi, minti 25 zuwa 30 ka cire.

Ɗalibi, Zangon Shanu: Mu matsalarmu ta fi ta kowa. Ɗaki goma sha ɗaya, mita ɗaya, kuɗi daidai wa daida. Ni fitila ɗaya gare ni da kwamfuta. Na kusa da ni yana da murhun lantarki da yake dafa wake a kai, da na'urar ɗumama ɗaki da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado in an ƙwanƙwasa. In wuta ta ƙare a ce kowa ya kawo dubu biyu. Na yi magana an ce na cika ƙididdiga.

Injiniya, Samaru: Irin wannan na'urar yawanci wat 2000 ce. In ta kwana awa takwas tana aiki yunit 16 ne, dare ɗaya. Kai kake biya masa ɗumin. Ku haɗa kuɗi kowane ɗaki a sa masa 'yar ƙaramar mita ta ƙirga, ana sayar da su a shagunan kayan wuta a Sabon Gari. Ƙarshen wata kowa ya biya abin da tasa ta nuna. Za ka ga wake ya koma kan gawayi da kansa.

Mai Sola, PZ: Ni tun duhun nan na Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna Arewa ta yi kwana da kwanaki ba wuta, na haɗa sola na huta. Abin da zan ƙara: masu sola a riƙa goge faranti a hunturu, ƙura na kwanciya a kai ta rage caji sosai. Da sassafe ko da yamma, da tsumma mai laushi. Kuma don Allah kada a jona hita ko dutsen guga a inbata ƙarama. Rabin batiran da ake kawo mini sun mutu, in ka bincika guga ce.

Alhaji Bakano: Talla ce wannan, Admin a karɓi kuɗi.

Baban Khalifa, Hanwa: Jama'a, na dawo da rahoto. Jiya da dare na yi gwajin Injiniya. Na kashe komai, na tsaya da tocila a gaban mita ina rawar ɗari, jar fitilar ta yi tsit. Na kunna fitilun gidan duka, sai ta ƙifta, ta yi dogon shiru, ta sake ƙiftawa. Na ce to.

Yau ban tafi masallaci da wuri ba, na laɓe. Ƙarfe biyar saura uwargida ta jona hita ta koma ta kwanta. Na leƙa mita, wallahi kamar idon mai shirin kuka, ƙif-ƙif-ƙif ba tsayawa. Na dawo daga sallah na tarar bokitin na tafarfasa, bayi ya cika da tururi har bango na zufa, ruwan ya ragu da kusan tafin hannu, ba kowa a wajen. Aka sirka wa Khalifa, aka sake cikawa. Bokiti biyar na ƙirga, ba a cire ta ba sai takwas saura kwata. Na juya jikinta, 1500 ce kamar yadda aka faɗa.

Ban gama wannan mamakin ba, na ga ana cire hita mita ba ta lafa ba. Na bi ɗaki-ɗaki. Ashe ƙanena da ke ɗakin zaure ya samo tsohon murhun lantarki mai jan ƙarfen nan, ba girki yake yi ba, kunna shi yake ya miƙa ƙafafu yana danna waya. Ya ce mini ai ɗan ɗumi ne kawai, Yaya.

Maman Ilham: Cokali ya zama cokula biyu ke nan.

Maman Khalifa: Assalamu alaikum, ni ce uwargidan da ake ta magana a kanta, da wayarsa nake rubutu. Na karanta komai. A tambaye shi wa ke cewa ruwan bai yi zafi ba in bai ga tururi ba. Bokiti na biyar ɗin nasa ne, kuma shi kaɗai ke wanka da cikakke. Na yarda da rufe bokiti da cirewa da wuri, na yarda da jarka ga ƙananan. Hajiya, ina gaisuwa, zan zo har gida. Amma 'yan makaranta uku sai sun yi wankan safe, wannan ba fashi.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka: Ina amsawa 'yata. Uku da safe, biyu da yamma, shi kuma maigidan a ba shi rabin bokiti.

Baban Khalifa, Hanwa: An yi mini taron dangi. Na karɓa. Murhun zaure na kulle shi a but ɗin mota, na ba yaron bargona na Makka. Na sa yunit 44 yau Talata, na rubuta lambar a bango kusa da mita da alli, kullum bayan isha'i zan riƙa dubawa.

Baban Khalifa, Hanwa: Yau kwana bakwai, saura yunit 9. Biyar a rana ke nan, daga goma.

Ɗan Tudun Wada: Sun ga ana maganarsu a nan ne suka rage mata gudu.

Injiniya, Samaru: Kai dai ka juya hitar gidanka ka karanto mana lambar.

Ɗan Tudun Wada: 2000 aka rubuta. Amma ni tawa ba ta daɗewa a jone.